Sunan Wa Za a Fara Rubutawa?

Aikin da aka fara ba ni, da na gama karatun gwaje-gwajen asibiti a farkon shekarun 1990, shi ne duba kakin masu tari. Ba wanda yake rububin wannan bencin. Yana can ƙarshen ɗaki a gindin taga, kuma bisa al'ada sabon zuwa ake miƙa wa shi. Da safe za a jera maka 'yan robobi masu murfi, kowace da lambarta. Ka laƙato kaɗan da tsinke, ka shafa a gilashi, ka bari ya bushe, ka gitta shi ta harshen wuta. Sai ka kwarara jan rini, ka ɗumama har ya fara tururi amma kada ya tafasa, ka ɗauraye, ka zuba ruwan asid ya cinye jan, sannan ka bi da shuɗi. Ƙwayar tarin fuka tana da maiƙo a jikinta, shi ya sa in ta kama jan nan ba ta sakinsa ko da asid ya taɓa ta. Ka leƙa madubi sai ka ga komai ya yi shuɗi, ita kuwa ta fito 'yan sanduna jajaye sirara, wasu a ɗan lanƙwashe. Ba ka da ikon rubuta "babu" sai ka zagaya fili ɗari a gilashi ɗaya. In an ɗauke wuta mu jawo tsohon madubin da ke amfani da hasken rana, mu ci gaba.

A jikin kwalaben rinin akwai sunaye biyu, Ziehl da Neelsen. A bencin da ke maƙwabtaka da nawa kuma akwai wani, Gram. Mu dai mun ɗauka sunayen rini ne. Sai da aka tura ni kwas cibiyar horar da ma'aikatan tarin fuka da kuturta da ke Saye, a gefen Zariya, sannan wani malaminmu ya gaya mana cewa mutane ne, kuma samari ne a lokacin da suka yi aikin. Ranar 24 ga Maris 1882 Robert Koch ya tsaya a Balin ya nuna wa duniya ƙwayar da ke kawo tarin fuka. Cikin masu sauraro akwai Paul Ehrlich, ɗan shekara 28, wanda bai jima ba ya fito da hanyar rinin da ta fi ta Koch ɗin. Franz Ziehl da Friedrich Neelsen suka ƙara gyara ta, alhali ba wanda ya cika talatin a cikinsu. Hans Christian Gram kuwa, mutumin Denmak, yana ɗan shekara talatin da 'yan kai ya zo Balin yana duba huhun waɗanda nimoniya ta kashe, a nan ya gano rinin da ya wallafa a 1884. Na dawo daga kwas ɗin ina ta juya abin a raina. An bar wa yaran nan sunansu a kan aikinsu, har ga shi bayan shekara ɗari wani ɗan Hausa yana ambatonsu kowace safiya.

Da hunturu ya kama, asibiti kan cika ta fuska biyu. Manya suna zuwa da tarin da ya wuce mako uku, ga rama, ga gumin dare, wani har jini yake tofarwa. Sashen yara kuwa sai a kwantar da biyu ko uku a gado ɗaya. Uwa za ta shigo da goyo ta ce haƙarƙari ne, ko ta ce sanyi ya shige shi. A waje ƙura, a ɗaka hayaƙin kara da itace, ga ƙyanda tana bi gida-gida tana barin huhun yaro ba kariya. Tukunyar oksijin in ta ƙare sai an je wani gari an ciko. Akwai wata babbar nas, Sista muke ce mata, wadda ba ta jiran hoton ƙirji. Za ta ce wa uwa, "Baiwar Allah, ɗaga masa riga, kada ki bari ya yi kuka." Ta kafa ido a agogon da ke maƙale a rigarta, ta ƙirga numfashi na minti ɗaya cur. Jaririn da bai kai wata biyu ba, in ya kai 60 to akwai magana. Daga wata biyu zuwa shekara, 50. Daga shekara zuwa biyar, 40. Sannan ta duba ko ƙasan ƙirji yana lotsawa in ya ja numfashi. Wannan ƙa'ida an fara gina ta ne a kan aikin wani matashin likitan yara ɗan Ostireliya, Frank Shann, da abokan aikinsa a asibitin Goroka da ke Papuwa Niyu Gini, wanda suka wallafa a 1984. Daga baya bincike a Indiya da Gambiya da Filifin ya daidaita lambobin, Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da su doka ga ma'aikatan ƙananan asibitoci. Cutar, wato nimoniya, ba ƙarama ba ce. A ƙididdigar hukumar, ko a 2019 nimoniya ta kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar fiye da 740,000.

Sista tana da wani littafi mai baƙin bango. Duk yaron da ta ƙirga wa numfashi sai ta rubuta lambar, da maganin da aka ba shi, da yadda ya ƙare, an sallame shi ko an rasa shi. Shekara da shekaru tana haka. Da ta yi ritaya ba wanda ya ce ta kawo littafin a gani.

Ni ma na buɗe nawa, ba don wani ya sa ni ba. Ƙa'idar wancan lokaci ita ce a karɓi kaki sau uku: ɗaya nan take, ɗaya da asuba a gida, ɗaya kuma in mutum ya dawo. Mutum ya taso daga ƙauye, ya bar gona, ya ci bashin kuɗin mota, sai a ce masa ya je ya dawo gobe, jibi kuma ya zo karɓar sakamako. Da yawa ba sa dawowa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, cikin waɗanda ba su dawo ba akwai waɗanda gilashinsu na farko ya riga ya nuna ja. Na ga cutar da idona, mai cutar kuwa yana can ɗaki ɗaya da 'ya'yansa yana tari, ba wanda ya gaya masa. Ni da wani abokin aikina muka fara bin rajista muna fitar da su: daga ina mutum ya zo, a gilashi na nawa aka fara ganin ƙwayar, ya dawo ko bai dawo ba. Abokin nan nawa ya fi ni ido. Gilashin da na wuce na ce ba komai, shi sai ya tsaya ya ce in sake leƙa gefen hagu. Shi ne ya fara cewa gilashi na uku kusan bai taɓa gaya mana abin da na farko da na biyu ba su faɗa ba.

Wata rana wani babba ya zo daga wani wuri da takardar izini, ya nemi rajistocinmu na shekarun baya. Muka ba shi, muka ƙara masa da abin da muka tsara da hannunmu, har muna murna an sami mai so. Bayan wani lokaci aka nuna mana maƙalar a wata mujalla. Jadawalinmu ne, yadda muka jera shi. Sunayen da ke sama na manya ne, har da wanda bai taɓa taka ƙofar ɗakin ba. Can ƙasa, cikin ƙananan haruffa, an gode wa "ma'aikatan ɗakin gwaji". Abokina ya karanta, ya ajiye, ya ce, "Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi." Bai ƙara magana a kai ba, kuma bai ƙara buɗe littafin ba. Ba a daɗe ba ya ajiye aiki ya koma kasuwa. Allah ya buɗa masa a can, yana da rufin asiri fiye da ni. Amma har yau in na tuna idon nan nasa sai in ji ƙasar nan ta yi asarar da ba wanda ya rubuta ta a ko'ina.

Da ni ma na bi shi, in ba don wani dattijon likita ba, wanda duk asibitin ke kira Baba Likita. Allah ya jiƙansa. Ya shigo neman sakamakon wani maras lafiya, ya ga littafin a gefen benci, ya ɗauka yana buɗawa a tsaye.

"Malam, wannan na wane ne?"

"Nawa ne, ranka ya daɗe."

"Wa ya sa ka?"

"Ba kowa."

Ya jawo kujera ya zauna. "To, gaya mini. Me ka gani?"

Tunda na fara aiki tambayar da nake ji ita ce "ka gama?" Ranar ce farko da wani ya tambaye ni abin da na gani. Na yi ta zuba, yana saurare, yana katse ni da tambayoyin da suka nuna mini ramukan da ke cikin lissafina. Ya ce in sake daga farko, in rubuta tambayata a jimla ɗaya kafin in ƙirga komai, in nemi izinin hukumar asibiti, in cire sunayen marasa lafiya in bar lambobi. Duk abin da na rubuta na kai masa sai ya dawo mini da shi jajir da biro. Da muka gama, na jera sunaye yadda na saba gani, nasa a farko. Ya soke. Ya ce, "Ɗana, wanda ya ga abu shi ake fara rubutawa. Ni ka sa ni a ƙarshe. Kuma ka je ka nemo abokin nan naka a kasuwa, ka gaya masa sunansa na biyu."

A taron ma'aikatan tarin fuka na yankinmu ni ya tura gaban jama'a, shi ya zauna a layin gaba. Da aka zo tambayoyi, wani farfesa ya juya wajensa ya fara magana. Baba Likita ya nuna ni da hannu ya ce, "Ku tambayi mai aikin." Bayan taro ya ba ni littafin tarin fuka na John Crofton da abokansa, ya rubuta sunana a shafin farko. Wannan ce karramawar da ta tsayar da ni a wannan aiki har furfura ta fito mini. Maganar kaki uku kuwa, masu benci a ƙasashe da yawa sun ga abin da muka gani. A 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta rage su zuwa biyu, a 2011 kuma ta amince a karɓi biyun a rana ɗaya, bayan binciken da aka yi a Habasha da Nefal da Yaman da Najeriya.

Daga bakin Baba Likita na fara jin labarin Albert Schatz. A lokacin, wanda tarin fuka ya dawo masa bayan ya sha magani sai a haɗa masa da allurar sitireftomaisin, kullum har wata biyu. Mun san zafinta, mun san tana iya taɓa ji, amma ba mu san wanda ya gano ta ba. Schatz ɗalibin digiri na uku ne a Jami'ar Rutgers da ke jihar New Jersey a Amurka, yana da shekara 23, an sallamo shi daga aikin soja a 1943 ya koma ɗakin binciken malaminsa Selman Waksman. A ɗakin da ke ƙarƙashin gini ya yi aikin, yana noma ƙwayoyin da ke rayuwa cikin ƙasa yana neman wadda za ta iya kashe wasu ƙwayoyin. A watan Oktoba 1943 ya same ta, daga wurare biyu: ƙasar gonar da ta sha taki, da abin da wata abokiyar karatunsa ta shafo daga maƙogwaron kaza. Daga gare ta aka samo sitireftomaisin, maganin farko da ya iya da ƙwayar tarin fuka. Maƙalar da ta ba da labarin ta fito a Janairu 1944 da sunaye uku, Schatz, sai Elizabeth Bugie, sai Waksman. Masu bincike biyu a asibitin Mayo, Feldman da Hinshaw, suka gwada shi a jikin dabbobi sannan a jikin mutane. A Ingila aka yi shahararren gwajin da aka wallafa a 1948, wanda Crofton, mai littafin nan, yana matashin likita ya yi aiki a ciki.

Daga nan labari ya fara sauyawa. 'Yan jarida wajen Waksman suke zuwa, sunan ɗalibin yana ta dusashewa. Schatz ya sa hannu ya sallama haƙƙinsa ga gidauniyar jami'a, bisa zaton ba wanda zai amfana da kuɗin a kashin kansa, sai daga baya ya gano malamin nasa yana karɓar kaso. A 1950 ya kai ƙara. Aka yi sulhu, aka amince a rubuce cewa tare suka gano maganin, aka yanka masa kashi uku cikin ɗari. Amma ɗalibin da ya kai malaminsa kotu, manyan ɗakunan bincike sun rufe masa ƙofa. A 1952 aka bai wa Waksman lambar Nobel shi kaɗai. Schatz ya yi ta koyarwa nan da can, har ƙasar Chile. Sai a 1994, bayan shekara hamsin, Rutgers ta kira shi ta ba shi lambar yabonta mafi girma. Ya rasu a 2005. Ita kuwa Bugie, ko a takardar mallakar maganin ba a sa sunanta ba.

Ba na cikin masu cewa Waksman bai cancanci komai ba. Shekaru ya kwashe yana nazarin ƙwayoyin ƙasa, shi ya tsara hanyar neman, shi ya tara ɗalibai, shi ya san ƙofofin da za a ƙwanƙwasa har magani ya kai ga marasa lafiya. Ba don shi ba, da wuya Schatz ya san inda zai tona. To amma me zai ragu a girman malami in ya ce ga yaron da ya yi? Lambar da aka bai wa Schatz yana da shekara saba'in da wani abu ta share masa hawaye, ban musa ba. Sai dai ba ta mayar masa da shekarun da ya kamata a ce yana da ɗakin bincike da ɗalibansa ba, mu ma ba ta mayar mana da abin da zai iya ganowa a cikinsu ba. Haka aka yi da Takuo Aoyagi, injiniyan Japan da ya ƙirƙiro dabarar na'urar nan da ake maƙala wa yatsa ta auna oksijin a jini. A farkon shekarun 1970 ya yi aikin, duniya ba ta san sunansa ba sai bayan shekara goma da wani abu. Ya rasu a Afrilu 2020, daidai lokacin da korona ta sa kowane asibiti neman na'urar tasa ruwa a jallo.

Mu nan kusa muna da misalin abin da ke faruwa in aka yarda da matashi tun da wuri. A 1970 Brian Greenwood ya zo Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya yana da shekara talatin da biyu, lokacin makarantar likitancin tana sabuwa. Shekara goma ya yi yana bincike a kan sanƙarau da maleriya da ƙwayar nimokokas, wadda ke kawo nimoniya da wani nau'in sanƙarau. A 1980 ya koma Gambiya ya shugabanci cibiyar binciken lafiya ta Birtaniya da aka fi sani da MRC, har tsawon shekara goma sha biyar. Daga wannan cibiya aka gwada riga-kafin wata ƙwayar cuta mai suna Hib a tsakiyar shekarun 1990, Gambiya ta fara yi wa yaranta a 1997. Wani ɗan Najeriya, Richard Adegbola, masanin ƙwayoyin cuta da ya shiga cibiyar a 1990, shi ne sunan farko a maƙalar mujallar Lancet ta 2005 da ta nuna cutar ta kusa ɓacewa daga ƙasar. A shekarar dai aka wallafa sakamakon gwajin riga-kafin nimokokas da aka yi a gabashin Gambiya, wajen Basse, a kan yara fiye da 17,000, wanda Felicity Cutts ta jagoranta. Nimoniyar da ake gani a hoton ƙirji ta ragu da kashi 37 cikin ɗari, mutuwar yara gaba ɗaya ta ragu da kashi 16. Allurar da uwa take kai jaririnta a yi masa a Najeriya da Nijar tun 2014, ga inda hujjarta ta fito.

Nakan yi tunanin waɗanda suka bi gidaje a kan babur a ƙauyukan Basse suna neman yaran da suka yi zazzaɓi, da nas-nas ɗin da suka ƙirga numfashi, da masu bencin da suka noma jini suka ware ƙwayoyi. Gwaji irin wannan a kafaɗarsu yake tsayuwa. Kuma in an duba, ai matasa ne akasarinsu.

Yanzu dai alhamdulillahi an waye. Ƙungiyar yaƙi da tarin fuka da cututtukan huhu ta duniya, wadda aka kafa a Faris a 1920, tana da lambar yabo ta matasan masu bincike da take bayarwa a taronta na shekara. Bayan rasuwar Stephen Lawn a 2016, likitan da ya yi aiki a Kumasi da Cape Town a kan tarin fuka da cuta mai karya garkuwar jiki, an kafa wata lambar da sunansa, aka keɓe ta ga 'yan ƙasa da shekara 40 masu aiki a kan waɗannan cututtuka a Afirka. Ƙungiyar likitocin ƙirji ta Afirka kuma tun 2007 take horar da matasa yadda ake tsara bincike da rubuta shi. Ina murna da wannan ƙwarai. Na ga yadda lamba ɗaya take sauya wa yaro hanya. Sai a fara amsa wasiƙarsa, a gayyace shi taro, mai ba da tallafi ya karanta takardarsa har ƙarshe, shugaban sashe ya rage masa aikin dare ya ba shi lokaci. Iyayensa ma, da suke tambayar yaushe zai buɗe asibitin kansa, sai su ɗan sassauta.

Amma akwai abin da masu kwamitin zaɓe a Turai ba sa iya gani daga inda suke. Maƙala suke dubawa, da inda sunan mutum ya faɗo a jerin marubuta. Wanda aka tura sunansa tsakiya ko aka cire shi tun a gida, ba zai taɓa kaiwa teburinsu ba. Ashe ke nan hukuncin farko ba su suke yanke shi ba, a ofishin shugaban sashe ake yanke shi, ranar da ake jera sunaye. Ga kuma maganar shekaru. Yaron da yajin aikin jami'o'i ya cinye masa shekaru, ya yi bautar ƙasa, ya yi zaman jiran gurbin horo, yana ciyar da ƙannensa, kafin ya kammala digiri na uku arba'in ta zo. Mace kuwa ga haihuwa da raino a tsakani. A ganina daga ranar da mutum ya kammala horonsa ya kamata a fara ƙirge, ba daga ranar haihuwarsa ba. Sannan wa ya ce mai bincike sai likita ko mai digiri na uku? Najeriya ce kan gaba a Afirka wajen yawan masu tarin fuka, cutar da ta kashe mutum kusan miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu da hamsin a duniya a 2023. Waɗanda suka fi kowa sanin inda marasa lafiyarmu ke zurarewa su ne masu rajista, da masu benci, da ma'aikatan lafiya na unguwa. Ban ga abin da zai hana ƙungiyoyin ƙwararrunmu da ma'aikatun lafiya na jihohi su ware musu tasu karramawar ba, ko da kuɗin mota ne zuwa taro da minti goma a gaban jama'a.

Cikin waɗanda muka fara aiki tare, kaɗan ne suka tsaya a bincike. Wasu suna Saudiyya, wasu Ingila, wasu suna cike takardun rahoto a ƙungiyoyin agaji. Albashi yana ciki, ba na ɓoyewa. Amma da yawansu in muka zauna hira ba kuɗi suke fara ambata ba. Aikin da suka yi aka ba wani suke tunawa, da shekararsa da watansa.

Ɗakin gwajin ya sauya. Tun da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da na'urar GeneXpert a Disamba 2010, cikin awa biyu ake sanin ko akwai ƙwayar, har da ko ta bijire wa maganin rifamfisin. Maganin da muka sani na wata takwas ya koma wata shida. Bayan ritaya nakan leƙa wani asibiti in taimaka wa matasa da karatun rubuce-rubucensu. Kwanakin baya wata yarinya mai kula da na'urar ta same ni da littafinta. Ta ce, "Baba, yara ƙanana ba sa iya fitar da kaki. An ce yanzu a gwada bayan gidansu, amma iyaye suna karɓar roba su tafi, ba sa kawowa." Gaskiya ne, tun farkon shekarun 2020 aka amince da wannan gwaji ga yara. Ta lura cewa ranakun da wata nas takan zauna ta yi wa iyaye bayani da kanta, robobi sun fi dawowa. Tana so ta san ko bayanin ne, ko nisan gida, ko kunya.

Muka zauna ta rubuta tambayarta a jimla ɗaya. Na ce kafin ta ƙirga ko yaro ɗaya, ta kai wa shugaban sashensu takarda mai ɗauke da jerin sunaye, nata a farko, na nas ɗin a biye, kowa ya sa hannu. Ta ji tsoro, ta ce kada a ce ta yi rashin kunya. Sai na raka ta. Shugaban ya karanta, ya yi tambayoyi a kan yawan yaran da za ta buƙata, ya ce a ƙara mai lissafi ɗaya daga jami'a, sannan ya sa hannu. Takardar tana gaban kwamitin ɗa'ar bincike yanzu. In sun amince, za ta fara karɓar yara da shigowar hunturu.